Birnin da na zana da fensir, annoba ta cinye rabinsa

Sati uku ke nan takardar wani wasan gina birni da fensir ba ta bar kan teburina ba. Sau tara na buga shi, biyar ni kaɗai, huɗu da ƙanena. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: shafi ɗaya mai gidaje-gidaje irin na littafin lissafi, shafi biyu na dokoki, fensir, abin gogewa, sai ƙwayar lido guda biyu.

Kai ne mai gari a wani tsohon zamani. An ba ka fili a bakin kogi da tsabar kuɗi 30 a baitulmali, ana so cikin shekara 20, wato zagaye 20, ka mayar da shi birni. Duk shekara za ka jefa ƙwaya, abin da ya fito shi ne harajinka, sai ka zana abin da kuɗin zai iya: gida, rijiya, rumbu, kasuwa, magudanar ruwa, ganuwa ko ɗakin bauta. Inda gizo ke saƙar shi ne, kowane babban gini yana da kuɗin kula da shi da ake cirewa duk shekara. Idan kuma bakwai ta fito, babu haraji, sai masifa: fari, gobara, annoba ko mahara.

A wasana na farko da ƙanena ban ɗauki bakwai ɗin nan a bakin komai ba. Na zuba dukiya a ɗakin bauta, na kewaye gari da ganuwa, har ina ƙawata ƙofofinta da bakin fensir. A shekara ta 11 bakwai ta fito, aka ce annoba. Doka ta ce duk gidan da bai jingina da magudana ba, a soke shi. Gida 14 gare ni, magudana ɗaya tal. Ina ji ina gani na bi takwas da alamar soke, ga kuɗin kula da ganuwa bai fasa fita ba. Ƙanena ya leƙo takardata ya ce, "Yaya, ganuwa dai ta yi kyau, amma wa take tsarewa?"

Laifina ne, domin lissafin a fili yake. Ƙwaya biyu suna iya faɗuwa ta hanya 36, shida daga ciki bakwai suke bayarwa. Ke nan cikin shekara 20 mutum ya sa ran masifa uku ko huɗu. Biyu da sha biyu kuwa kowacce hanya ɗaya gare ta.

Abin da ya sa na ci gaba da komawa shi ne, darasin ba ƙirƙira ba ne. A shekara ta 430 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen karkara sun cunkushe cikin ganuwar birnin Atina na ƙasar Girka saboda yaƙi da birnin Sparta, annoba ta ɓarke a ciki, har ta tafi da jagoransu Pericles a shekarar da ta biyo. Ganuwa ta tare abokan gaba, ba ta tare cuta ba, tamkar takardata. Mohenjo-daro kuwa, a ƙasar Pakistan ta yau, tun wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa tana da rufaffun magudanai na gasasshen bulo a bin tituna. Hanyar ruwa ta farko da Rum ta gina, Aqua Appia, a shekara ta 312 kafin haihuwar tasa, kusan dukkanta a ƙarƙashin ƙasa take, ba abin da baƙo zai tsaya kallo. Wasan ya sa na ji wannan a aljihuna: tsaba biyu na magudana sun fi goma na ado.

Yanzu ga ƙorafi. Dokokin ba su fayyace ko ana cire kuɗin kula da gini kafin haraji ko bayansa ba, kuma bambancin babba ne idan baitulmali ya yi ƙasa. Mun yi musu har fensir ya faɗi ƙarƙashin tebur, daga baya muka yanke a cire bayan haraji. Ƙidayar maki a ƙarshe ma tana da tsawo, sau biyu muna sakewa. Sannan ko da mutum biyu ne, kowa takardarsa yake kallo. Babu ciniki tsakanin birane, alhali garuruwan da irin su Uruk a ƙasar Iraki ta yau, da ba su da katako da ƙarfe sai an kawo daga nesa, da fatauci suka rayu. Wannan giɓin ya dame ni.

Gidajen takardar ma sun yi ƙanana. Bayan gogewa uku sai wuri ya yi baƙi, har ta huje mini sau ɗaya. A buga ta a firinta da girma, a samu fensir mai tsini.

Wanda yake son hayaniya da dariyar taro, wannan ba nasa ba ne. Mai son zama shiru na minti 40 yana auna kowace tsaba zai ji daɗinsa. A wasa na tara magudana na fara zanawa kafin gida ko ɗaya, na bi da rumbu biyu, ban taɓa ganuwa ba. A shekara ta 17 bakwai ta fito, aka ce mahara.