Ɗan akwatin talabijin da VPN: wata huɗu ina amfani da su

Abin da ya kai ni kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ranar wata Asabar bai wuce ƙwallon minti goma ba. Na daina zuwa gidan kallo tun da 'ya'yana suka fara zama a benci ɗaya da ni, kuma ba na iya raba dare a kan wasa. Abin da nake so shi ne safiyar Lahadi, bayan an sha koko, in zauna a falo in ga yadda aka ci ƙwallayen jiya. To, rabin bidiyon da nake dannawa a YouTube sai ya ce mini ba a yarda a nuna shi a ƙasarku ba. Tashoshin Ingila da na Amurka da ke da haƙƙin wasan sun killace shi ga mutanensu kawai.

A waya na san maganin wannan tun 2021. Lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe Twitter a watan Yuni, har zuwa Janairun 2022 da aka buɗe, babu wanda bai koyi kalmar VPN ba a ofishinmu, har masinja. Aikinta ba wani sihiri ba ne. Tana ɗaukar duk abin da ke fita daga na'urarka ta ƙulle shi, ta kai shi wata kwamfuta a wata ƙasa, daga can ya wuce inda za shi. Wanda ka je wurinsa sai ya ga kamar daga Landan ka zo, kamfanin layinka kuma yana ganin kaya na wucewa amma bai san me ke cikin buhun ba. Matsalata ita ce idona ya gaji da ƙaramin allo, ina so abin ya koma talabijin.

Na fara tambayar ko za a iya sa ta a dikodar da muke kallon tashoshi da ita, aka yi mini dariya. Dikodar tauraron ɗan'adam ba a ɗora mata manhaja, ba ta wannan hanyar take samun hotonta ba. Sai na tuna da wani ɗan baƙin akwati, irin mai kawo intanet da manhajoji a talabijin, da na saya bara a hannun mai talla, yana cikin durowa. A jikin kwalinsa an rubuta 8K da manyan baƙaƙe, an rubuta ma'aji mai girman da ko wayata ba ta da shi, amma duk juyawar da na yi masa ban ga sunan kamfani ba. Shi na saka a leda na tafi da shi.

Shagon da aka nuna mini ƙarami ne, mutum uku ba sa juyawa a ciki. Mai shagon ba ya nan, yaronsa na tarar, saurayi ne da bai kai talatin ba. Ya jona akwatin a talabijin ɗin da ke rataye a bango, ya yi ta danne-danne kamar minti biyar bai ce komai ba. Can ya ɗago.

"Baba, zan iya sa maka, kuɗina ma zan karɓa. Amma wallahi da ni ne ba zan shigar da imel ɗina a cikin wannan abin ba."

Na ce, "To me ya yi maka, ɗan samari?"

Ya nuna mini. Android ɗin da ke ciki na waya ne aka cusa wa talabijin, shi ya sa sai ka mai da rimot ya zama kamar linzamin kwamfuta kana bin kibiya a allo. Ya shiga saitin Play Store ya nuna mini inda aka rubuta cewa na'urar ba ta da shaidar Google. Ya ce irin waɗannan akwai masu zuwa da cuta tun daga masana'anta, kana barci suna aiki da intanet ɗinka. Na ɗauka dabarar 'yan kasuwa ce don ya sayar mini da nasa. Da na koma gida na duba, ashe yaron bai yi ƙarya ba: a watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan wata cuta da ake kira BadBox 2.0 a irin waɗannan akwatuna marasa shaida, wata guda bayan nan Google ya shigar da ƙara yana cewa na'urori sama da miliyan 10 sun kamu. Ban ce nawa yana cikinsu ba. Amma sa VPN a akwatin da ɓarawo ke iya kasancewa a cikinsa, kamar ka garƙame ƙofar gida ne alhali yana ƙarƙashin gado.

A ƙarshe na fito da Xiaomi TV Box S, fitowa ta biyu, ta 2023. Kuɗinsa ya ninka na baƙin akwatin kusan sau uku, na ji shi a aljihu. Yana da Google TV na gaske, ƙwaƙwalwar aiki giga 2, ma'aji giga 8, ramin HDMI, ramin USB guda, da na sauti. Ba shi da ramin wayar intanet, da Wi-Fi yake aiki, wanda ni bai dame ni ba tunda MiFi nake da ita a gida. Giga 8 ɗin nan kada ya ruɗi mutum, tsarin kansa ya riga ya cinye wani kaso, don haka ba wurin tara manhajoji ba ne. Ni guda shida na bari.

Haɗa VPN ɗin bai kai lokacin da muka ɓata wurin ciniki ba. A Play Store na talabijin akwai manhajojin manyan kamfanonin, su NordVPN, Surfshark, ExpressVPN da Proton VPN, duk an yi su daidai da rimot. Ya fara sa mini Proton don gwaji, saboda suna da tsarin kyauta da ba a ƙayyade masa data ba, kamfanin kuma a Suwizalan yake. Abin da ya burge ni, ba sai na yi ta bin haruffa ɗaya-ɗaya da rimot ina rubuta kalmar sirri ba. Lamba ce ta fito a allo, na shigar da ita a wayata, shi ke nan aka shiga. Daga nan akwatin ya tambaya ko na yarda wannan manhaja ta riƙa bi da zirga-zirgar intanet ɗina, na danna na yarda. Sai dai na kyautar na'ura ɗaya yake ɗauka, kuma ba kai ke zaɓar ƙasa ba, shi ke zaɓa maka. Ni kuwa Ingila nake nema. Dole na biya na wata-wata. Ba zan faɗi wanda na biya ba, kada a ce an ba ni na goro.

Akwai wasu na kyauta barkatai masu hoton makulli ko garkuwa, waɗanda ba ka san mai su ba. Yaron ya ce kada in kuskura, ni ma ra'ayina ke nan. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ke biyan kuɗin kwamfutoci a Turai don ka bi ta cikinsu kyauta, akwai abin da yake ɗauka a jikinka.

A gida ne aka fara karatun na gaske. Ranar farko na zaɓi Amurka don in gwada, hoto ya yi ta tsayawa, ɗan da'irar nan na juyawa har shayina ya huce. Na koma Landan, ya tafi sumul. Dalilin a fili yake idan ka yi tunanin tafiyar: daga Kano saƙon zai gangara Legas, ya shiga wayoyin ƙarƙashin teku zuwa Turai, in ka ce Amurka kuma sai ya ƙara tsallaka wani tekun, sannan ya dawo ta hanyar da ya bi. A saitin manhajar akwai zaɓi tsakanin hanyoyin haɗawa biyu, WireGuard da OpenVPN. Na gwada duka biyun a dare ɗaya, WireGuard ya fi sauƙi a kan ɗan akwatin, yana haɗawa kafin ka ajiye rimot, ɗayan kuwa sai ya ɗan yi nishi. Amma duk wanda ya ce maka VPN na ƙara gudun intanet, bai zauna unguwarmu da ƙarfe tara na dare ba. In sabis ya yi rauni, da ita ya fi rauni.

Asarar da na yi ta kaina ce, kuma ita nake so a kula da ita. Ina sayen ƙunshin data na YouTube kaɗai, mai araha, bayan babbar datar wata. Mako guda da fara amfani da VPN sai ga saƙo wai babbar datata ta ƙare, na YouTube kuma yana nan ko mega ɗaya ba a taɓa ba. Na kusa kiran kamfanin layin in yi faɗa, sai na tsaya na yi lissafi. Ta yaya za su san YouTube nake kallo bayan ni da kaina na ƙulle buhun? Abin da ba su gane ba, daga babbar data suke cirewa. Ga talabijin da ci: Netflix da kansu sun ce hoto mai kyau na iya shan giga 3 a awa, na 4K har giga 7. Yanzu na rage ingancin hoto zuwa 720, kuma na yi amfani da saitin nan da ke ba ka damar ware manhajoji, wasu su bi ta VPN wasu su fita kai tsaye. Na safiyar Lahadi kawai nake kunna wa YouTube ita.

Sai batun agogo, wanda ya ci mini yamma guda. An ɗauke wuta, aka dawo da ita, na kunna VPN ta ƙi haɗawa. Na cire manhajar na sake sa ta, na kashe MiFi na kunna, shiru. Na kira yaron, ko sallamar kirki ban yi ba. Ya ce, "Baba, duba kwanan watan da akwatin ke nunawa." Na duba, yana can wata shekarar da ta wuce. Irin waɗannan akwatuna ba su da batirin riƙe lokaci, daga intanet suke ɗauko shi in sun tashi, kuma a ranar akwatin ya riga MiFi farkawa. VPN ba ta gaisawa da kwamfutar can in agogonsu ya saɓa. Na gyara lokaci, nan take ta kama. Tun daga ranar na kashe saitin da ke sa ta haɗa kanta da akwati ya tashi.

Uwargida ma ta kawo nata ƙorafin. Ta saba tura karatun tafsiri daga wayarta zuwa talabijin, ranar da na bar VPN a kunne wayar ta daina ganin akwatin gaba ɗaya, ta ce na lalata mata abu da kwashe-kwashena. Akwai wurin da ake ba wa na'urorin cikin gida izinin ganin juna, na kunna shi, zaman lafiya ya dawo.

Maƙwabcina da ya ji labari ya shigo da murna, wai an ce na samo hanyar kallon DStv kyauta. Na ce masa ya koma ya biya kuɗin watansa. VPN ba ta buɗe tashar da ba ka biya ba, ba ta ba da data, wurin zamanka kawai take sauyawa a idon masu shafi. Su ma ba barci suke ba. Netflix in ya gane ta VPN ka zo, finafinan da yake da haƙƙin nunawa a duk duniya kaɗai zai nuna maka, sai ka ga jerin ya ragu. Wasu gidajen kuma sharuɗɗansu sun hana, kuma in suka rufe asusunka ba ka da bakin magana. Ni dai iyakata bidiyon ƙwallo da wasu shirye-shiryen tarihi da ake toshewa.

Game da shagon, na gamsu, kuma na riga na tura mutum biyu. Yaron ya karɓi dubu uku na aikinsa, ya ɗauki wayata sau biyu bayan nan bai nemi ƙari ba, kuma ya gaya mini gaskiyar da za ta iya korar ciniki. Abu ɗaya ban so ba: da za a buɗe asusun, har ya fara rubuta imel ɗin shago da kalmar sirrin da ya ce ita yake sa wa kowa, don kada a manta. Na ce a'a, nawa za a sa, kuma da na isa gida na sake canza kalmar. Da na yi masa magana ya sosa ƙeya ya ce yawancin masu zuwa ba sa tuna tasu, kwana biyu su dawo suna masa ihu. Na fahimce shi, amma ban yarda ba.

Baƙin akwatin kuwa, autana ya roƙa in ba shi ya riƙa wasa da shi a ɗakinsu. Na hana. Yana cikin durowar da ya fito, na cire masa batirin rimot na sa a agogon bango.