Sun iya hoto, amma ba su san lokacin da tela yake rufe karɓar ɗinki ba

Shadda da leshi nake sayarwa a Agege, Legas. Wasu kayan daga Kantin Kwari ake aiko min, wasu a kasuwar Balogun nake sarowa. Kafin azumin bana na ɗauki wasu matasa masu kamfanin talla a Ikeja su tsara min yadda shagon zai fito a Facebook da Instagram da TikTok. Kun dai san kuɗin da suke yankawa, ba sai na faɗa ba.

Farkon aikin kam ya burge ni. Yarinyar da suka turo ta zo da fitilarta mai zagaye, ta shimfiɗa Getzner a kan farin allo, ta yi ta juya yadin har ƙyallinsa ya fito a waya yadda yake a ido. Ta buɗe min WhatsApp Business, ta jera kaya kowanne da farashinsa, na huta da tura hoto ɗai-ɗai. Ita ce ma ta nuna min danna Boost kawai, wato maɓallin biyan kuɗi a yaɗa talla, asarar kuɗi ce in ba ka zaɓi unguwa ba. Muka taƙaita tallar a inda mutanenmu suke: Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende, Alaba Rago. Ta kuma gaya min tun wuri cewa tun 2022 Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, tana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan kuɗin talla, don kada in ga an zari ƙari in ce ita ce.

Wajen jadawalin ne muka saɓa. Ogansu ya kawo min takarda mai launi-launi, ya tara kusan duk kuɗin tallar a goman ƙarshe na azumi, wai rangwamen Sallah. Na ce masa, ɗan samari, shadda ba rigar kanti ba ce, sai ta bi ta hannun tela, ta bi ta hannun mai aikin wuya. Cinikinmu daga Sha'aban yake tashi zuwa goman farko. Azumi yana rabawa, tela mai mutunci ya daina karɓar sabon aiki. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, bar mana wannan, haka muka yi wa masu kayan Kirsimeti kuma ya yi kyau."

To, talla ta fita, saƙonni suka yi ta shigowa har waya tana zafi. Amma kowa tambayarsa ɗaya: akwai ɗinkakke? Kana da telan da zai gama kafin idi? Wani daga Mile 12 sai da muka gama ciniki, ya kira telansa a gabana, aka ce masa sai bayan Sallah, ya ajiye yadin ya fita. Ga bidiyon TikTok an ɗora masa kiɗan rawa a daren da mutane suke tahajjud, har wani dattijon layinmu ya tare ni a ƙofar masallaci yana tambaya ko lafiya. Kuma da tsakar rana suke sakin hotuna, alhali namu sai bayan asham da lokacin sahur suke riƙe waya.

Bayan Sallah suka aiko rahoton yawan waɗanda suka ga tallar. Mai gidan da nake haya ba ya karɓar wannan.

In hoto da gyaran WhatsApp kake so, zan ce ka neme su, yarinyar nan ta san aikinta. Sai dai ko wannan ma ina ja da baya, domin har yau shafin shagona a hannunsu yake. Na yi ta kira a mayar min da ikon gudanar da shi, kullum amsar ita ce oga ya shiga mitin.