Koren tambari a ƙofa, leda marar suna a firigo: ziyara uku a wani gidan hambaga na Yamai

A cikin wata guda na je wani gidan abincin gaggawa da ke unguwar Plateau har sau uku, biyu tare da iyali, ɗaya kuma ni kaɗai da gangan, domin in yi tambayoyin da ba sa yiwuwa idan yara suna jan hannun riga. Gidan yana sayar da hambaga, shawarma, fiza da soyayyen dankalin turawa, kuma a jikin gilashin ƙofarsa an manna wani koren tambari mai zagaye da aka rubuta halal a cikinsa da Larabci da boko. Tambarin nan shi ya ja hankalina, saboda a garin da kusan kowane mahauci musulmi ne, ba mu saba ganin mai tsire ko mai kilishi ya rataye allo yana sanar da cewa namansa yankakke ne ba. Wanda ya ga bukatar rubutawa, shi ya jawo wa kansa tambaya.

Game da abincin ba ni da ƙorafi mai yawa. Hambagar naman sa, wadda ake sayarwa jaka biyu da rabi, tana da laushi kuma ba a cika mata gishiri ba, shawarmar ta fi ta daɗi, dankalin kuwa ya kan zo a sanyaye idan wurin ya cika bayan sallar isha'i. Tebura suna da tsabta, ma'aikata suna da ladabi.

A ziyara ta uku na tsaya na ƙare wa tambarin kallo. Babu sunan hukumar da ta bayar da shi, babu lamba, babu ranar da aka bayar ko ranar da zai ƙare aiki. Na tambayi saurayin da ke karɓar kuɗi, na ce: "Ɗana, wa ya ba ku wannan shaida?" Ya yi murmushi ya ce: "Wallahi Baba, mai buga mana allo ne ya haɗa da shi, ya ce yana ƙara wa ƙofa kyau." Gaskiyar yaron ta burge ni fiye da tambarin, sai na nemi ganin mai kula da gidan, wani dattijo mai haƙuri wanda bai nuna ɓacin rai ba ko kaɗan, har ma ya ce in biyo shi zuwa madafa.

A nan ne na ga abin da ya kwantar mini da hankali. Cinyar sa ce rataye, da hatimin tawada na likitan dabbobi a jikinta, irin wanda ake buga wa naman da ya fito daga babbar mayankar Yamai, kuma Alhajin ya faɗa mini sunan mahaucin da ke kawo musu nama kowace safiya da kasuwar da rumfarsa take. A gabana aka yanki tsoka aka zuba a injin niƙa. Hatimin likita shaidar lafiyar dabba ce, ba fatawa ba, amma idan aka haɗa shi da sanin wanda ya riƙe wuƙa, an samu abin da malamanmu na mazhabar Malikiyya suke nema: musulmi ya yi niyya, ya ambaci sunan Allah, ya yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu. Wannan silsila gajeriya ce, mutum yana iya bin ta da ƙafa daga faranti har mayanka kafin azahar, don haka naman sa na gidan nan ba ya bukatar koren tambari ko kaɗan.

Matsalar tana cikin babban firigon da ke kusurwa, inda ake ajiye kayan fiza da aka shigo da su daga waje: sosis (niƙaƙƙen nama da ake ɗurawa a siririyar fata), yankakken naman talotalo mai hayaƙi, da cukun turawa. Kwalin talotalon yana ɗauke da sunan kamfanin da ya sarrafa shi, ƙasar da ya fito, da tambarin wata ƙungiyar tantancewa mai suna da lamba, abin da duk mai waya zai iya bincikawa a intanet. Sosis ɗin kuwa yana cikin fararen ledoji marasa rubutu. Alhajin ya ce dillalin da ke kawo musu yana sayen manyan kwalaye ne ya rarraba wa gidajen abinci kilo-kilo, kuma ya rantse masa cewa na kaza ne zalla. Ban ce dillalin maƙaryaci ba ne, sai dai shi ma ji ya yi daga wani, wanin kuma daga wani, har zuwa wata masana'anta da babu ɗayanmu da ya taɓa gani.

Dalilin da ya sa na dage a kan sunan hukuma shi ne kalmar halal a kan kwali ba ma'ana ɗaya take ɗauka a ko'ina ba. A Malesiya hukumar gwamnati ce, wato JAKIM, take bayar da shaidar. A Faransa kuwa, inda yawancinmu muka fi sanin kayanta, gwamnati ta amince wa manyan masallatai uku ne kawai, na Paris, na Évry da na Lyon, su riƙa ba masu yanka katin izini, amma tantance kayan da kansa yana hannun ƙungiyoyi masu zaman kansu, kuma ba bakinsu ɗaya ba: wasu suna ajiye mai sa ido a mayanka tun daga fari har ƙarshe, wasu leƙawa suke yi jefi-jefi, wasu sun yarda a sumar da kaji da lantarki kafin yanka, wasu sun ƙi saboda tsoron kada kazar ta mutu kafin wuƙa ta same ta. Ƙungiyar ƙasashen musulmi, wadda Nijar take cikinta, tana da cibiyar daidaita ma'auni mai suna SMIIC a Istambul, amma samuwar ma'auni a rubuce ba ta nufin kowane kwali ya bi shi. Kuma abin da ya faru a Turai a 2013, lokacin da aka gano naman doki a cikin kayan da aka rubuta wa naman sa, ya nuna cewa niƙaƙƙen nama shi ne wurin da algus ya fi samun maɓoya, tunda ido ba ya rarrabe shi, harshe ma kayan yaji sun rufe masa hanya.

Na san za a tuna mini da hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, inda aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da naman da wasu mutane ke kawowa ba a san ko sun ambaci sunan Allah ba, ya ce a ambata a ci. Da wannan nake cin tsiren bakin hanya ba tare da binciken kowa ba, domin kyautata wa musulmi zato shi ne asali. Amma a fahimtata, shakka a kan bisimillar maƙwabci daban take da shakka a kan wace dabba ce aka niƙa, kuma hukuncin wannan na bar wa malamai.

Abin da na roƙi Alhajin ba shi da tsada: ya sa dillalin ya riƙa kawo kwalin tare da kayan, ko aƙalla takardar da ke manne a jikinsa, a ajiye ta inda mai saye zai gani idan ya nema. Ya ce in sha Allahu zai yi magana da shi a ƙarshen mako. Hambaga da shawarmar naman sa zan ci gaba da kai yara su ci, fiza mai talotalo ma na yarda da ita bayan na ga kwalinta. Mai sosis ɗin dai na gaya wa ƙaramar ɗiyata, wadda ta fi kowa son ta, cewa sai ranar da muka ga takarda, kuma har muka iso gida ba ta yi mini magana ba.