Monita mai fuskar OLED: hoto ba magana, amma kunnawa da kashewa sai da ƙa'ida

Hoton wannan monita mai inci 27 ba shi da makusa. Baƙi baƙi ne ƙirin, domin a OLED kowane ɗigo daga ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoton shi ke ba da haskensa, babu fitila a baya irin ta fuskar LCD da aka saba da ita. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kunna ta da kashe ta, lamarin da takardar cikin kwali ta wuce shi da gudu.

Maɓallin wani ɗan tsinke ne a ƙarƙashin fuskar, shi ne na kunnawa, shi ne na menu, sai an laluba da yatsa. Idan da wayar DisplayPort aka haɗa, tana jinkirin farkawa daga barci, har Windows ta ɗauka an zare monitar, ta hargitsa duk tagogin da aka shirya. Maganinsa: a kunna monita kafin kwamfuta, a zaɓi mashigar hoto da hannu maimakon barin ta tana nema, a kuma kashe barci mai zurfi a menu idan akwai.

Babbar matsalar tana wajen kashewa. Duk bayan kamar awa 4 na aiki, monitar tana buƙatar gyaran ɗigo: fuskar ta yi duhu, ƙaramar fitilar ƙasa ta riƙa ƙiftawa, tana daidaita wutar da kowane ɗigo ke sha. Bai cika kai minti 10 ba, amma dole wuta ta zauna a jikinta. Wanda ya saba kashe komai daga soket da zarar ya tashi, ya katse aikin ke nan bai sani ba. Wanda kuma ya ga duhu ya zaci ta mutu ya danna maɓalli, shi ma ya soke shi. Daga nan sai ta fara damunka da saƙon neman gyaran a tsakiyar fuska kana cikin aiki. Wallahi wannan saƙon yana da ban haushi. Akwai kuma dogon gyara da ke zuwa bayan awa dubu da ɗoriya, yana cin kusan awa guda. Kada a riƙa kunna shi da hannu don nishaɗi, shi kansa yana gajiyar da fuskar.

To amma in za a faɗi gaskiya, ba don banza aka sa gyaran ɗigon ba. Ɗigon OLED yana tsufa gwargwadon hasken da ya bayar, shuɗi ya fi saurin gajiya, zafi kuma yana ƙara abin. Layin ƙasa na Windows, tambarin tasha, taswirar kusurwa a wasa, duk abin da ke zaune wuri guda yana cin ɗigon da ke ƙarƙashinsa fiye da maƙwabtansa, har inuwarsa ta zauna. Inuwar da ake gani a LCD galibi tana gushewa da kanta. Tabon OLED in ya kama, sai canjin fuska.

Saitin da ke rage haɗarin bai da wuya. A rage haske zuwa rabi ko ƙasa, a kashe HDR, wato saitin da ke ƙara ƙarfin haske da launi, sai lokacin kallo ko wasa, a sa layin ƙasa ya riƙa ɓuya, a koma jigo mai duhu. A bar motsa ɗigo a kunne, wato hoton ya riƙa gusawa kaɗan-kaɗan yadda ido ba zai lura ba. A saita fuskar ta mutu bayan minti 5 in ba a taɓa komai ba. Wannan ya fi hoton kariya mai yawo, tunda shi ma ɗigo yake ci.

Ga mai wasa da kallo, ta cancanci kuɗinta. Mai wuni a kan Excel kuwa, ya nemi IPS, wani nau'in LCD, ya huta. Kafin saye a duba ko garantin ya ambaci tabon fuska ƙarara. Wasu kamfanoni suna ba da shekara 3, wasu ko kusa ba sa bayarwa. Kuma har yanzu ban ga dalilin da zai hana su sa maɓallin kunnawa daban a gaba ba.