Zanen jajayen rufi da na saya wa falona

Na daɗe ina neman abin da zan rataye a bangon falo wanda babu mutum babu dabba a cikinsa, domin maigida ba ya son irin waɗannan hotuna a gida. Da na ga wannan a shafin mai sayarwa sai ya kwanta mini a rai. Kwafi ne na zanen Camille Pissarro na shekarar 1877, wasu gidajen ƙauye masu jajayen rufi a gefen garin Pontoise, arewa maso yamma da Paris. Na asalin yana gidan adana zane-zane na Orsay.

Ranar da mai babur ya kawo, a tsakar gida na yage kwalin don ɗoki. Wallahi ina ɗagowa gabana ya faɗi. Dabbare-dabbaren fenti kawai nake gani, ja nan, ruwan goro can, ga wasu siraran layuka sun cakuɗe ko'ina kamar an ja tsintsiya a kai. Gida ko ɗaya ban iya tantancewa ba. Nan take na kira mai sayarwar na ce injinku ya ɓata mini aiki, a zo a ɗauka. Bai yi musu ba, cewa kawai ya yi, "Hajiya, ki jingina shi da bango, ki ja baya kamar taku biyar."

Bayan la'asar na fito daga kicin da tire a hannu, idona ya sauka a kansa daga bakin ƙofa. Sai ga gidaje sun fito sarai, fararen bangaye, rufi a kan rufi, tudu a bayansu da gonaki. Layukan nan da suka ɓata mini rai ashe rassan bishiyoyi ne da suka zubar da ganye lokacin hunturu, ta tsakaninsu ake leƙen ƙauyen. Na daɗe a tsaye. Haka Pissarro da abokansa irin su Monet suke aiki, ɗigo-ɗigon launi kusa da juna, idon mai kallo ne ke haɗa su daga nesa. Har yanzu in hasken yamma ya shigo ta taga, jan rufin sai ya ƙara ɗumi.

Amma fa firam ɗin bai yi ba. Kwana huɗu da ratayewa kusurwar ƙasa ta buɗe, ashe gam kawai aka shafa, ko ƙusa ɗaya babu. Kuma da na gwada da hoton asali a waya, sai na ga sun yanke saman tudun da ɗan sararin samaniyar da ke kansa don ya shiga firam mai faɗi, ba tare da an gaya mini ba. Wannan ya fi yi mini ciwo, don cikakken kuɗi na biya. Mai sayarwar ya ce zai turo kafinta, yau mako uku ke nan, saƙona ma ya daina buɗewa.