Hayar bunsuru don barbara, na gwada sau biyu ga yadda ta kaya

Duk mai awakin tatsa a ɗan ƙaramin fili ya san bunsuru shi ne ciwon kai. Ni awaki huɗu gare ni, ba zan iya ciyar da ƙato shekara guda saboda aikin 'yan kwanaki ba, ga kuma wari, don idan ya matsu fitsari yake fesa wa gemunsa da ƙafafunsa na gaba, in ka yi tatsa kusa da shi sai ka ji nonon ya ɗauki gafi. To kuma akuya ba ta ba da nono sai ta haihu, dole dai a nemo shi. Shi ya sa na gwada wani mai gona da ke ba da hayar bunsuru.

Abin da ya burge ni tun farko, bai tsaya yabon bunsurun ba, kai tsaye ya kai ni na ga uwar da ta haife shi, hantsarta a ɗaure tsaf ba ta reto, kan nonon daidai riƙon hannu. Bunsurun ruwa biyu ne, jinin Saanen, fararen nan 'yan asalin Suwizalan masu yawan nono. A nan kam na ba shi maki.

Karon farko ni na kai akuya ɗaya wajensa kuma asara na yi, laifina ne ba nasa ba. Neman bunsurun akuya kwana ɗaya ne zuwa biyu, in ya wuce sai bayan kamar kwana 21, ni kuwa na ga tana kaɗa wutsiya tana kuka tun safe amma sai da na gama uzurina washegari da yamma na kai ta, ko kallonsa ba ta yi ba. Karo na biyu sai ya kawo min shi gida ya yi sati huɗu, duka huɗun suka ɗauka, sai dai ya karya min shinge sau biyu kuma maƙwabta sun sha warin har sun gaji.

Inda ban ji daɗi ba shi ne maganar lafiya. Mai gonar bai nuna min takardar gwajin jini ba, nawa awakin ma bai tambayi lafiyarsu ba, alhali bunsurun nan gida gida yake yawo, kuma ciwon bakkale mai sa ɓari yana kama mutum ta ɗanyen nono, ba abin wasa ba ne. Sannan bai duba girman awakin ba, ƙaramar cikinsu ta sha wuya sosai wajen haihuwa, ɗa ɗaya ne ƙato, sai da likitan dabbobi ya zo cikin dare ya ciro shi.

Ranar barbara kuma kai za ka rubuta, shi babu ruwansa. Ciki kusan kwana 150 ne, kuma ana daina tatsa wata biyu kafin haihuwa, ni da ban rubuta ranar awaki biyu daga cikinsu ba sai kame-kame na dinga yi.

Zan sake komawa wajensa, amma sai na ga takardar gwaji da idona, ƙaramar kuma bunsuru daidai ita zan nema mata a wani wajen.