Google Keep: abin da ya sa na tsaya a kanta wajen ajiye abubuwan da nake son tunawa

Gaskiya na daɗe ina neman manhajar da zan riƙa rubuta ƴan abubuwa kafin su fita daga kaina, lambar wani, ko saƙon da aka ba ni, ko jerin cefane. Wadda nake amfani da ita a da, kafin ka rubuta kalma ɗaya sai ka zaɓi folda, ka sa take, ka zaɓi irin takardar, wallahi kafin ka gama duk wannan abin da kake son rubutawa ya gudu, kuma wannan abu yana min ciwo sosai don ai saboda mantuwa na sauke ta tun farko.

Keep kam tun 2013 Google suka fitar da ita, kuma da ka buɗe za ka gane waɗanda suka tsara ta sun zauna sun yi tunanin mutumin da yake tsaye a hanya, hannu ɗaya riƙe da kaya, ɗayan da waya. Ka danna alamar ƙari, ka rubuta, ka fita, ita da kanta take ajiyewa, babu wani maɓallin sebin da za ka nema. Take ma ba dole ba ne.

Inda ta fi burge ni shi ne jerin abubuwa. Kowane layi da ɗan akwatinsa, ka sayi abu ka taɓa akwatin sai ta ja masa layi ta sauke shi ƙasa, abin da ya rage kawai kake gani a sama, kuma idan ka haɗa wani da imel ɗinsa shi ma yana gani yana ƙarawa daga tasa wayar, haka muke yi da matata yanzu, ba sai ta kira ni sau uku ba. Ka goge rubutu bisa kuskure kuma yana nan a kwandon shara har kwana 7.

Wasu na cewa ba ta da folda, sai lakabi da launuka. E haka ne, kuma mai rubuta dogon aiki mai babi-babi gara ya nemi wata. Ni dai rubutuna gajeru ne, na maƙale guda uku a sama da ɗan fil ɗin nan, sauran in na buƙata in rubuta kalma ɗaya a wurin bincike su fito.